Shekarar da Na Kulle Katin Uwarku

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe ne, ranar Laraba, a tsakar gidanmu na Nassarawo. Mu uku ne a wurin: ni, da uwarku Ya Bintu, da ƙanwarku Falmata, wadda ta shigo daga gidan mijinta don ta raka uwar asibiti kamar yadda take yi sau ɗaya kowane wata. Na san lokacin daidai domin labaran ƙarfe bakwai nake saurare, kuma na duba agogo da aka kai ga labarin. Kai Bukar kana Yola a lokacin, kai kuma Mustafa kana Maiduguri. Ba kwa nan. Duk abin da kuka sani game da wannan shekara daga baya kuka ji shi, kuma a karkace kuka ji shi. Saboda haka zan jera muku shi ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya tsallake layi.

Ina zaune a kan tabarma da kofin kunun gyada a hannu, sai mai karanta labarai ya ce wata babbar kotu ta yanke hukunci a kan tsarin inshorar lafiya na ƙasa, ta ce wani sashe na gyaran da ake son yi bai zauna a kan ƙa'ida ba. Ya ƙara da cewa waɗanda hukuncin bai yi wa daɗi ba za su ɗaukaka ƙara. Bai fi numfashi uku a kan maganar ba ya wuce labarin ƙwallo. Na ajiye kofin. Uwarku tana tsaye tana gyara mayafi, katin inshorar yana hannun Falmata.

Kafin in faɗi abin da na yi, dole ku san abu biyu. Na farko shi ne katin. Uwarku ta daɗe da hawan jini, kun sani. Shekara uku kafin wannan safiya, ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar hatsi ta shiga inshorar a dunƙule, kuma ni ne na bi rumfa-rumfa ina lallashin mutane. Wasu suka ce caca ce. Wasu suka ce yi wa kai fatan ciwo ne. Na ce musu adashe ne, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama, wanda bai kwasa ba kuma shi ya fi kowa riba. Da wannan kati ake auna jinin uwarku kowane wata, a ba ta ƙwayoyinta iri biyu. Kumburin ƙafa ya saɓe, jirin da take yi in ta sunkuya ya tafi. Da idona na ga amfaninsa. Ba zan ce ban gani ba.

Na biyu shi ne aikina. Kakanku ya zo Mubi daga Borno da jaki biyu, ya bar min rumfa da suna. Fiye da shekara ashirin ni ne mai raba gardama a kasuwar hatsi, kuma dokarmu ɗaya ce tun zamanin iyayenmu. In mutum biyu suka yi jayayya a kan buhu, sai a ɗinke bakinsa da basilla a gaban shaidu, a yi masa alama da gawayi, a kai shi sito, mabuɗi a aljihuna. Ba mai ɗiban ko cikin tafin hannu har a gama magana. In na yanke, wanda aka kayar ya ce bai yarda ba zai kai wa sarkin kasuwa, to buhu yana nan a ɗinke. Akwai shekarar da ƙwari suka cinye buhunan wake a sitona saboda masu su sun ƙi daidaitawa, kuma ban ji komai ba, domin doka ta tsaya. Da wannan aka san ni daga Vimtim har Michika. Abin da yake gaban shari'a ba a cin sa. Da wannan kai na saurari rediyo a safiyar nan.

"Kawo katin nan," na ce.

Falmata ta durƙusa ta miƙo min da hannu biyu. "Baba, lafiya?"

"Ba ki ji rediyo ba? Maganar tana kotu."

"Na ji, Baba. Amma ai ba su ce an rufe asibiti ba."

"An yi hukunci, an ce za a kai gaba. Har a gama, abin nan ba namu ba ne, ba nasu ba ne. Ba za a sha maganin shubuha a gidana ba."

Uwarku ta ce a hankali, "Alhaji, yau ne fa ranar awona."

"Zan sayo miki maganin da kuɗina. Ban mutu ba tukuna."

"Baba, bari in je tagar asibitin kawai in tambaya," in ji Falmata. "Keke ɗaya ne. In sun ce a'a, sai in dawo."

"Mai zaman taga ta fi alƙali sani ne? Na gama magana."

Kun san gidan da kuka tashi. In na ce na gama magana, ko kaza ba ta ƙara kuka. Na shiga ɗaki, na saka katin a akwatin ƙarfe tare da takardun gida, na kulle. Da na fito, uwarku ta riga ta cire mayafin tana ninkewa. Ta dubi Falmata ta ce, "Zauna ki sha kunu, 'yar nan. Yau kin huta da rana." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

A kasuwa ranar kowa maganar yake yi, kuma kowa da nasa hukuncin. Wani ya ce an soke inshorar gaba ɗaya. Wani ya ce akasin haka ne, yanzu za a tilasta wa kowa shiga, har mai tura baro. Wani ya ce ai dama abin gwamnati ba ya kai shekara biyar. Na faɗa musu abin da na yi a gidana, na ce ban tilasta wa kowa ba. Malam Hammadu, Bafulatanin da rumfarsa take jikin tawa, abokin wasana na shekara talatin, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Kai bawana, Babarbare dai Babarbare ne," ya ce. "Alƙali yana can yana shan iskar fanka, kai kana nan kana ɗinke masa buhu. Ya aiko ka ne?"

"Me Bafulatani ya sani a shari'a ban da ta saniya ta shiga gona?"

"Ko saniyar, in ana shari'a a kanta, ana ba ta ruwa. Ba a cewa ta jira alƙali."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauke ta wasa ce irin tamu. Sai daga baya na gane duk kasuwar nan ba wanda ya faɗa min gaskiya ranar kamar shi.

Da la'asar na biya kemis da tsofaffin kwalayen maganin, aka ba ni na wata ɗaya. Ga kuskure na biyu, kuma ƙarami ne a baki. Da na shigo gida na miƙa wa uwarku ledar, sai na ce, ba ma da ita nake ba, da kaina nake:

"Ashe haka abin nan yake da tsada."

Ta karɓa, ta yi godiya, ta shige ɗaki. Shekarar ce damina ta yi mana gardama a gonar Vimtim, kasuwa kuma ta yi sanyi, kuma ta san duk wannan domin ita take ganin abin da nake kawowa. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ba ta taɓa cewa in ƙaro mata abu ba in ta ga fuskata a ɗaure. Na san halinta sarai. Duk da haka na furta.

Da wata ya ƙare na tambaye ta ko maganin ya ƙare. Ta ce akwai saura. Bayan sati biyu na sake tambaya, ta ce akwai saura. Na sake tambaya a wata na uku, amsar ɗaya ce. Ku tsaya a nan ku duba. Ni ne mutumin da in aka ajiye buhu a gabana, daga kallo zan faɗi mudu nawa ne a ciki, a auna a samu haka. Amma maganin wata ɗaya ya kai wata uku a cikin gidana, ban tsaya na ce ta yaya ba. Har yau in na tuna wannan sai in ji kaina ya yi min nauyi. Ban ga abin ba ne domin ba na so in gani. Ta fara ɗaure kai da kallabi tamau da rana, ta ce zafi ne. Ta daina zuwa gidan suna da biki, ta ce tsufa ne. Awon jini kuwa tun daga waccan Larabar ba a sake yi mata ba. Na ce su je su biya a auna ta, ta ce lafiyarta ƙalau, ni kuma na karɓa domin ya yi min daidai.

Falmata ta sake gwadawa sau ɗaya. Ta same ni a zaure bayan azahar, ta zauna nesa da ni, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta.

"Baba, idon Mama ya yi ja. Jiya ta kira ni da sunan Yaya Bukar."

"Tsufa ne. Ni ma ina yi."

"Maƙwabciyata ta je asibiti da nata katin, an duba ta."

"Don an ba ta ba shi ne ya halatta ba. Ɓarawo ma ana ba shi canji a kasuwa. Kin ji an ce an gama shari'ar?"

"Ban ji ba."

"To tashi ki je gidanki."

Ta tashi. Wannan shi ne laifin Falmata gaba ɗaya, in laifi ne: ubanta ya ce ta tashi, ta tashi. Haka na koya mata. Haka na koya muku duka.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, bayan la'asar kaɗan. An kawo gyada daga gona, uwarku tana zaune a inuwar ɗakin girki tana ɓara a faranti, ni ina alwala. Sai na ji farantin ya faɗi. Na waiwaya na ga gyada tana gangarawa ko'ina, ita kuma ta kwanta a gefen dama kamar an jingina buhu bai tsaya ba. Na kira ta. Ta dube ni, idonta a buɗe, bakinta ya karkace, tana so ta yi magana, ba abin da yake fita sai iska. Na riƙe hannunta na dama na ɗaga, na saki, ya faɗi kamar ba nata ba. Na tsaya da buta a hannu. Ni da nake tsawata wa kasuwa guda, ban san abin da ake yi ba. Matar maƙwabcinmu ce ta ji salatina ta shigo, ita ta kira mai keke, ita ta buga wa Falmata waya.

Falmata ta iso ko takalmi ba ta sa daidai ba. Ta dubi uwar, ta dube ni, ta miƙo hannu ɗaya.

"Baba, mabuɗin."

Ba ta durƙusa ba, ba ta ce don Allah ba. Na ciro shi na ba ta.

A asibiti aka wuce da uwarku ciki, aka ce wani ya je taga da kati. Na karɓa daga hannun Falmata na ce ni zan je. A raina na shirya cewa za a mayar min da shi, in ce to na sani, a faɗa min abin da zan biya. Wadda take tagar wata mata ce 'yar Michika, Madam Kuve, mai gilashi a kan hanci. Ta karɓi katin, ta danna na'urarta, ta ɗago kai.

"A'a! Mama Bintu ne? Baba, ina kuka shiga? Wata uku Mama bai zo ba."

"Maganar tana kotu," na ce.

"Wane magana?"

"Inshorar. An yi hukunci. An faɗa a rediyo."

Ta cire gilashin ta ajiye. "Baba, wannan rigiman manya ne a can sama, a kan wa zai riƙe tsarin da yadda za a shigar da mutane nan gaba. Ba ruwan katinku. Ko rana ɗaya bai tsaya ba. Kun biya na shekara, ko ba ku biya ba?"

"Mun biya."

"To naku ne. Kowane wata ana ware maganin Mama da sunansa. Ni da kaina na kira lambar da yake takarda har sau uku, ba a ɗauka ba."

Lambar tawa ce. Ni na cike takardar, ni na sa lambata, domin a gidana ba a kiran matata kai tsaye. Kuma kun san ba na ɗaukar lambar da ban sani ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a wurin ba. Na ji na bayana yana cewa Baba a matsa mana. Abin da yake yawo a kaina ɗaya ne: ba jayayya a kan buhun. Ba mai ƙara, ba wanda ake ƙara. Kayanmu ne halal, na ɗinke bakinsa da hannuna, na zauna a kai wata uku ina jiran alƙalin da bai san da ni ba. Madam Kuve ta turo min katin ta ƙarƙashin gilashin taga, ta ce, "Baba, je ka zauna. Allah ya ba shi lafiya." Na je na zauna a benci kamar yaron da aka kora daga aji.

Likita ya tambayi yadda take shan magani. Na ce kullum tana sha. Ya ce a kawo ya gani. Falmata ta koma gida ta dawo da wani ɗan gwangwanin man shafawa da ta samu a ƙasan kwallar uwarku. Ta buɗe a gabanmu. Ƙwayoyi ne an fasa su, wasu biyu, wasu huɗu, ƙanana kamar tsakin masara. Da wuƙar yanka kuɓewa take raba su. Likitan ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya ci gaba da rubutunsa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu na zo inda kuka shigo. Washegari kuka iso, kai Bukar da hantsi, Mustafa bayan azahar. Kuka ga uwarku ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Kuka ji daga bakin nas cewa wata uku ba a kawo ta awo ba. Muna ƙarƙashin bishiyar darbejiya a harabar asibitin, ina kan benci da carbi, Falmata tana tsaye da fulas ɗin ruwan zafi. Ina tuna kalmominka, Bukar, ɗaya bayan ɗaya.

"Aiki ɗaya aka ba ki a duniya. Ɗaya! Ki ɗauki tsohuwa ki kai ta asibiti sau ɗaya a wata. Layi biyu ne tsakaninku. Me kike yi? Ɗinkin Sallah?"

"Yaya, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Faɗa mana. Ga Baba nan, faɗa a gabansa."

Mustafa ya ce, "Bar ta, Yaya. Keken ɗinki ya fi mata uwa."

Falmata ta juyo ta dube ni. Ba ta daɗe ba, kamar ƙiftawa biyu. Ta ba ni wuri in yi magana. Ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da jan carbi. Wannan shi ne kuskure na uku, kuma shi ya fi sauran muni, domin na farko jahilci ne, na biyu suɓutar baki ce, wannan kuwa da sanina na yi shi. Na ji tsoron idonku. Duk rayuwarku kun san ubanku a matsayin wanda ba ya kuskuren hukunci, kuma na kasa sauka daga wannan kujera ko don 'yata. Da ta ga ban ɗago ba, sai ta ce, "Ku yi haƙuri," ta wuce ciki da fulas ɗinta. Kuka ɗauki wannan a matsayin amsa laifi.

Abin da ya biyo baya kun san shi, amma ba ku san shi daga cikin gida ba. Wata bakwai Falmata tana kwana a ɗakin uwarku. Ita take juya ta, ita take yi mata wanka, ita take kai ta asibiti gashin jiki, da wannan katin dai, kuma ba a taɓa mayar da su ba. Ku kuna bugo waya ku ce a ba ku Baba, ko gaisuwarta ba kwa amsawa. Daga baya kuka haɗa kai kuka ɗauko mai jinya, kuka ce ba ku yarda a sake barin uwarku a hannun mai sakaci ba, ni kuma na ce to. Da aka mayar da mijinta aiki Michika ta bi shi. Sallah biyu ke nan ba ta zuwa sai rana ta uku, in ta tabbata kun koma. 'Ya'yanku da nata ba su san juna ba. Uwarku ita kaɗai ce shaida, kuma ita bakinta ya rufe. Kalmomin da suka dawo mata ba su fi yatsun hannu ba. In kun zo kuna magana a kan Falmata a gabanta, kun ga tana buga hannun hagu a katifa, kun ce ciwo ne yake damun ta. Ba ciwo ba ne. Ni take kallo.

Yanzu ni nake kai ta awo kowane wata, kuma na koyi tambaya a taga da tsufana. Nakan tambayi Madam Kuve inda shari'ar ta kwana. Takan ce ita ma a rediyo take ji, wai ana nan ana kai da kawo, kuma ba wanda ya san yadda tsarin zai kasance in an gama. Mai yiwuwa a faɗaɗa shi ya kai ga manoman Vimtim da ba su da ƙungiya, mai yiwuwa a canja masu riƙe shi, mai yiwuwa a ƙara abin da ake biya. A kasuwa har yau gardama ake yi. Ni ba ni da ilimin da zan ce ga wanda yake da gaskiya a cikin manyan, kuma na daina yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne wannan: su a can in sun yi hukunci suna da lauyoyin da za su fassara musu. Mu a nan numfashi uku muke samu a rediyo, kowa ya tafi gida ya fassara da abin da ya saba. Na san mutum biyu a kasuwarmu da ba su sabunta nasu ba a shekarar, domin sun ji ni na kulle nawa. In za a gyara abin nan, a fara da aiko wanda zai tsaya a bakin kasuwa da masallaci da coci ya ce wa mutane da bakin da suke ji: katinku yana aiki, ko ba ya aiki. Na ajiye raba gardama a ƙarshen shekarar. Na ce musu idona ne ya yi rauni. Malam Hammadu kaɗai ya san dalili, kuma tun daga ranar bai sake tsokanata da maganar buhu ba.

Watan jiya na shiga mota na tafi Michika ban gaya wa kowa ba. Na sami Falmata a kan keken ɗinki. Ta rikice, ta shimfiɗa min darduma, ta kawo ruwa, tana ta tambaya ko jikin Mama ne. Na ce jikin Mama da sauƙi, nawa ne ba sauƙi. Na ce na zo neman gafara.

"Haba Baba! Uba ba ya roƙon 'yarsa. Tashi zan yi in ka sake faɗa."

"Zauna. Me ya hana ki faɗa musu ranar?"

Ta ce, "Mama tana kwance ba baki. In na faɗa, kai ma ka faɗi a idonsu. Sai gidan ya zama ba kowa a tsaye."

"Kin ji haushina?"

"Na ji, Baba. Sosai. Har yanzu wani lokaci ina ji." Ta share ido da bakin mayafi, ta yi 'yar dariya. "Ka ga yau na yi maka magana biyu ba ka ce ka gama magana ba."

Na ce zan gaya muku. Ta ce in bari, abin ya wuce, ita ta saba. Wannan karon ma ban bi shawararta ba, amma ina ganin wannan karon ni ne da gaskiya. Na gwada faɗa muku da baki a Sallar da ta wuce, kuna zaune a zaure, na buɗe baki sai na ji ina tambayar ku farashin siminti a Yola. Shi ya sa na rubuta. Takarda ba ta sunkuyar da kai.

Ga abin da nake nema a wurinku, Bukar da Mustafa, kuma ba umarni ba ne, domin na zubar da ikon ba da umarni a wannan magana. Roƙo ne. Kada ku bugo min waya in kun karanta, kada ku ce Baba ba komai, ƙaddara ce. Na san ƙaddara, na kuma san hannuna. Kada ku aika wa ƙanwarku saƙo ko atamfa. Ku sa rana ɗaya ku biyu, ku je Michika da ƙafarku, ku yi sallama a ƙofar mijinta, ku faɗa mata da bakinku cewa kun zalunce ta a kan laifin ubanku. In ta yi kuka ku jira ta gama. Sa'an nan ku ɗauko ta ku zo Nassarawo tare, ku shiga ɗakin uwarku ku uku a lokaci ɗaya, ta gan ku. Likita ya ce zuciyarta ta gaji. Kada ku jira Sallah.